Babur Ɗin Da Baba Ya Ƙi Taɓawa

Ranar da Dogo ya kawo babur ɗin ƙofar gidansu, Auta ta ɗauka wahalarsu ta zo ƙarshe. Ashe ranar ce ma ta soma.

Tana tsaye a bakin ƙofa ta hango shi ya shawo kwana, baki har kunne, gwiwoyinsa sun kusa taɓa kan babur ɗin saboda tsawo. Baƙi ne wuluk, fentin sai ɗaukar ido yake, mace na iya gyara ɗaurin kallabinta a jikin tankin. Na hannu ne, wannan ba a ɓoye yake ba, amma na hannun da ya sha wanka.

Baba ne ya gindaya sharaɗin. Tun da gidan burodin da Dogo yake aiki ya rufe, Baba ya ce ba zai ɗauki 'yarsa ya ba mutumin da gari ke wayewa bai san inda zai dosa ba. Bai yi faɗa ba, bai kore shi ba. Cewa ya yi ya nemo abin yi tukuna, sannan a yi maganar manya.

Kowa a layin ya san abin da ya sa maganar ta yi tsauri haka. Akwai Dillali a gefe, mai shagon kayan gyara da tsofaffin babura, wanda kusan duk aikin da ke shigowa garejin Baba ta hannunsa yake biyowa. Ya daɗe yana zuwa gaida Umma da leda a hannu, ya zauna a kujera mai kyau yana kaɗa makullin mota. Auta kuwa ko ruwa aka ce ta kai masa, nan take za ta tuna tana da wanki.

Garejin a jikin gidan yake, rumfar kwano ce da ta sha hayaƙi, ƙasan wurin ya yi baƙi da mai har ruwan sama ba ya ratsa shi. Baba yana da wata ɗabi'a da duk masu hulɗa da shi suka sani. Babur bai isa ya tsaya a ƙofarsa bai taɓa shi ba. Ko baƙo ne ya tsaya tambayar hanya, sai ya matsa masa birki, ya latsa sarƙa da ɗan yatsa, ya karkata kai ya saurari inji, sannan ya nuna masa hanyar.

Ran nan ya fito yana goge hannu da tsumma. Ya dubi babur ɗin daga nesa, ya dubi Dogo da ya durƙusa yana gaishe shi. Sai ya ce Allah ya sa alheri, ya juya ya koma ciki.

Dogo ya miƙe jiki a sanyaye. Kunya ta rufe Auta, ta ce ai gajiya ce, tun safe Baba yake fama da wani tsohon inji. Don ta kawar da zancen sai ta shiga ba shi shawara, irin wadda ta ji Baba yana nanatawa tun tana rarrafe, da yake tagar ɗakinta a bayan garejin take.

Ta ce masa duk wanda ya sayi na hannu, abu na farko kada ya yarda da baƙin man da ya tarar a ciki, don bai san tun yaushe yake nan ba. Ya juye shi ya zuba sabo. Ya cire fulogi ya ga kalar bakinsa, ya wanke soson da ke tace iska, ya sa a ɗaure masa sarƙa kada ta yi sako-sako kuma kada ta yi tauri, ya duba birkin baya kafin ya ɗora ɗan mutane.

Dogo ya riƙe haɓa yana kallonta har ta kai aya.

"Ni dai a faɗa min gaskiya," ya ce. "Mata zan aura ko bakanike?"

"Ka yi sa'a, biyu a ɗaya ka samu."

Suka yi dariya. Da ta san abin da shawarar nan za ta jawo, da ta haɗiye ta da miyau.

Bayan irin tarbar da ya samu, Dogo bai iya kai babur ɗin garejin Baba ba. Wani bakanike ya kai wa a bakin titi, kusa da gidan yayarsa inda yake zaune. Da aka kwance notin ƙasa, man bai zubo ba, saukowa ya yi a hankali kamar zuma. Bakaniken ya murza shi a yatsa, ya sunsuna, ya taɓe baki, amma da yake ba a tambaye shi ba bai ce komai ba. Ya zuba sabo, ya karɓi ladansa.

Tun a ranar injin ya soma magana.

Auta tana cikin shagon maganin da take aiki ta ji tsayuwarsa a waje, gabanta ya faɗi tun kafin ta ga fuskarsa. Wani ƙwas-ƙwas ne a can ƙasan injin, kamar ana buga cokali a gindin tukunya. Da ya ba shi wuta sai hayaƙi mai shuɗi ya biyo salansa. Ta roƙe shi ya jingine babur ɗin a buɗe a gani. Ya ce to, amma ta san to ɗin baki ne. A gida akwai yaran yayarsa da ke jiran abin da zai shigo da shi da yamma, kuma yanzu ne fasinjoji suka fara sanin fuskarsa a bakin kasuwa.

Bai yi nisa ba. Wata rana da tsakar rana, ya ɗauko wata mata da buhunta, yana hawan gada injin ya yi wata ƙara ya ɗauke. Kik ɗin ma ya ƙi motsi ko da ya hau shi da duk nauyinsa. Matar ta sauka ta zazzage masa abin da ke bakinta, ta tare wani ta tafi. Shi kuwa ya turo abinsa har gida, rana na dukansa.

Washegari yayar tasa, wadda suke kira Yaya, ta zo shagon maganin. Mace ce da mijinta ya rasu ya bar ta da yara, kuma ita ta riƙe Dogo tun bayan iyayensu. Ba ta amsa gaisuwar Auta ba. Ta jira mai sayen maganin ciwon kai ya fita, sannan ta dafa kanta.

"Sannu malamar inji. An ce ke kika ba da umarni a zubar da mai."

"Yaya, don Allah ki zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba. Babur yana tafiyarsa lafiya lau, ko tari ba ya yi. Kika buɗe baki, ya mutu. Kin san da me aka saye shi? Firjina na sayar. Firjin da nake ƙanƙara da ruwan sanyi ina ciyar da marayu. Na ce bari in rufe ido in yi masa, tunda ya nace sai ke, tunda ubanki ya ce sai da sana'a."

Hawaye suka cika idon Auta. Ta ce wallahi alheri ta nufa, abin da ake yi wa kowane babur ke nan.

"Alherinki ya ishe mu haka." Muryar Yaya ta karye, ita ma kukan ne ya zo mata, ta danne shi da gefen mayafi. "Jiya ƙaramin ya tambaye ni ina firji, na ce ya tafi gyara. Yau in ce masa me? Ke kina da uba, kina da mai mota yana jiranki. Shi ba shi da kowa sai ni. Ki sakar min ƙane, ki ji tausayinmu."

Ta fita. Auta ta zauna a bayan kanta ta yi kuka mai isarta, mai shagon ya shigo ya ga idonta ya ɗauka mura ce, har ya ce ta ɗauki magani kyauta.

A gida ma ba ta samu sauƙi ba. Ta tarar Dillali ya riga ta isowa, wai ya zo jaje. Yana zaune ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana faɗa wa Umma yadda abin ya taɓa masa rai. Yaran yanzu ba sa neman shawara, in ji shi. Da yaron ya zo wurinsa, ai da ya zaɓa masa mai lafiya da hannunsa. Umma sai gyaɗa kai take, tana cewa ka ji mutumin kirki.

Bayan ya tafi Umma ta biyo ta ɗaki. Ba ta ɗaga murya ba, Umma ba ta iya faɗa ba, naci ta iya. Ta ce ba wanda zai yi mata dole, amma ta duba da kyau. Ƙannen bayanta na unguwa duk sun yi ɗaki. So daban, cefane daban. Yaron nan ba mugu ba ne, sai dai duk abin da ya taɓa sai ya lalace, gidan burodi ya rufe, babur ya mutu. Auta ta juya fuska bango, don in ta buɗe baki abin da zai fito ba na faɗa wa uwa ba ne.

Kwanaki suka shuɗe ba ta ga Dogo ba. Waya ma sai ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Ta rame, abinci sai ta juya cokali ta ture.

Sai ga shi wata la'asar ya shigo shagon a ƙafa, rigarsa duk mai, da baƙar leda a hannu. Ya faɗa, idanunsa sun zurma, amma akwai wani haske a fuskarsa da ta daɗe ba ta gani ba.

"Ba laifinki ba ne," ya ce tun kafin ya zauna. "Na faɗa wa Yaya, na ce sai ta zo ta ba ki haƙuri."

Ya ce sun sauke injin shi da bakaniken bakin titi. Cikinsa ya cinye tun ba yau ba, fistan da ringi da ƙarfen da ke juya su duk sun gama aiki. Man da ya tarar a ciki ba na inji ba ne, man giyar mota ne mai kauri, wanda ake ɗurawa mataccen inji don ya toshe ƙara ya hana hayaƙi, har a kai shi kasuwa a rabu da shi. Ko ba a canza man ba, mutuwar tana nan tafe. Mutumin da ya haɗa cinikin kuwa ya kashe waya, an ce ma ba a san shagonsa ba.

Auta ta sauke ajiyar zuciya, har ta fara murmushi cikin hawaye.

"Kuma bakaniken ya ce wanda ya rufe injin nan ba ɗan koyo ba ne, gwani ne. Dubi nan."

Ya buɗe ledar ya fito da wani yankakken kwali da ya jiƙe da mai. Irin wanda ake shimfiɗawa tsakanin murfin inji da gangar jikinsa don hana mai tsiyaya. Na kanti ake sawa, amma tsofaffin bakanikai kan yanka nasu in babu. An bi gefen da almakashi tsaf, ramukan noti sun fita zagaye kamar na inji. Ta gefen da man bai ci ba, ana ganin koren kwalin maganin tari.

Murmushin ya daskare a fuskarta.

Kwalin daga shagon nan ya fita, ita ta kai shi gida. Tun da idon Baba ya fara rauni, ita ke yi masa wannan yanka. Yakan shafa wa murfin mai ya danna a kan kwali ya miƙo mata ta taga, ta bi sawun da almakashinta, ta huda ramukan da bakin bututun tsohuwar laima da ya wasa mata. Ba a garin nan ba, ko a ina ta ga yankanta za ta gane shi.

Ta tuna jan babur ɗin da aka sauke daga motar Dillali kwanakin baya, aka lulluɓe shi da tamfol a lungun gareji. Ta tuna warin man giya da ya cika ɗakinta ran nan, har ta yi mamaki, don ba a gyaran mota a wurinsu. Ta tuna Baba ya shigo da yamma ya ce ba ya jin yunwa. Ja ne a lokacin. Fenti aka yi masa.

"Lafiya?" Dogo ya tambaya. "Kin yi wani iri."

Ta ce kanta ne ke sarawa.

Ya mayar da kwalin cikin leda a hankali, kamar wani abin daraja. Ya ce gobe da safe zai turo babur ɗin har gareji ya nuna wa Baba. Duk garin nan ba bakaniken da Baba bai san hannunsa ba, kallo ɗaya zai yi ya faɗi mai aikin. Daga nan shi ya san abin da zai yi, ko da za a kwana a gaban hukuma. Kuma wataƙila, ya ƙara da ɗan murmushi, in Baba ya ga zaluntarsa aka yi, zuciyarsa ta yi laushi.

Auta ba ta san yadda ta kai gida ba.

Ta samu Baba shi kaɗai yana tattara sifanu cikin akwati, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa. Ba ta saba shiga garejin ba in ba aike ba. Ta durƙusa a gefen wani tsohon taya.

"Baba, jan babur ɗin nan da na yanka wa kwali, ina yake?"

Hannunsa ya tsaya a cikin akwatin. Bai juyo ba.

"Sun buɗe injin," ta ce. "Na ga kwalin da idona."

Da ya zauna a kan benci sai ta ga tsufansa gaba ɗaya, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Ban san wanda za a sayar wa ba, Auta. Allah shi ne shaidata."

"Da wani aka sayar wa fa, Baba? Shi ba ɗan mutane ba ne?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce ya faɗa wa Dillali injin ya mutu, sai an sake cikinsa gaba ɗaya. Dillali ya ce shi ba gyara ya kawo ba, so yake a rufe a sa ya yi shiru. In Baba ba zai iya ba akwai garejin da za su yi, kuma in sun yi, sauran aikin ma can zai koma. Baba ya ce ya duba rumfar nan, ya duba idonsa da ke mutuwa, ya duba gidan, sai ya aika aka sayo man.

"Tun ina yaro nake wannan sana'a, ban taɓa yi ba sai ran nan."

"Ranar da Dogo ya kawo shi ka gane shi."

"Tun daga kwana. Fenti ba ya canza muryar inji."

Kuka ya ƙwace mata. "Ka gane, ka bar shi ya tafi yana murna? Ka bar ni ina tsaye ina koya masa yadda zai kula da shi? Baba, yayarsa firjinta ta sayar. Ta zo har wurin aikina ta ce ni na kashe musu abinci."

"In ce masa me? In ce yaro, aikina ne, ni na cuce ka, yanzu kuma ba ni labarin auren 'yata?" Idonsa ya kawo ruwa, abin da ba ta taɓa gani ba ko ranar da aka yi masa rasuwar ƙane. "Ba ni da gida biyu, ba ni da gona. Sunan nan kaɗai na tara. In maganar nan ta fita, ba mai sake kawo min ko facin taya. Ki rufa min asiri, Auta. Kada ki bari ya sani."

Ta ce masa gobe da safe Dogo yana tafe, da babur ɗin da kwalin. Baba ya rufe fuska da tsumman hannunsa.

Da safe ta ce wa Umma za ta wurin aiki, amma ba can ta nufa ba. Ta tsaya a bakin kwalbatin da ke kan hanyar gidansu. Tana son ubanta, wannan ba abin tambaya ba ne. Amma ta auna ta ga ba za ta iya zama da mutum shekara da shekaru yana neman wanda ya cuce shi, ita tana zuba masa ruwan wanka da amsar a bakinta ba.

Ta hango shi yana turowa, injin a ɗaure da igiya a kan kujerar baya cikin buhu, gumi ya jiƙa masa baya. Da ya gan ta ya yi fara'a, ya kafe babur ɗin.

"Ba sai ka tambayi Baba ba," ta ce. "Ni na yanka kwalin."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Da ya ga hawayen sai dariyar ta tsaya. Ta faɗa masa komai, tamfol ɗin, man giyar, Dillali, har abin da Baba ya ce jiya. Ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Motoci na wucewa suna watsa musu iska.

"Ke nan ranar da na durƙusa a gabansa," ya ce a hankali, "ya sani."

"Ya sani."

"Ke fa?"

"Jiya na sani, da ka buɗe ledar. Na kasa faɗa maka a lokacin. Ka yafe min."

Ya juya mata baya ya dafa tankin da hannu biyu, kafaɗunsa na rawa. Ta so ta taɓa shi, ba dama. Ta ce in ya ga dama ya kai ƙara, ba za ta ga laifinsa ba, amma ya sani duk abin da ya samu tsohon nan ita ya samu. Ya share fuska da gefen riga, ya ture ƙafar babur ɗin, ya ci gaba da turawa. Ba baya ya juya ba, garejin Baba ya nufa. Ta bi shi a baya.

Baba yana zaune a benci kamar tun jiya bai tashi ba. Da ya ga su biyun tare, ya dubi Auta sau ɗaya, kallon da ta gwammace mari a kansa.

Dogo ya jingine babur ɗin a tsakiyar rumfar, ya durƙusa yadda ya saba.

"Baba, gyara na kawo."

Ba zagi, ba gori. Da ya yi zagin ma da ya fi wa tsohon sauƙi. Baba ya tashi, ya zagaya babur ɗin, ya kwance buhun ya leƙa. Sai a lokacin ya ɗora hannu a kansa.

"Zan mayar maka da injin nan sabo," ya ce, muryarsa a dushe. "Da hannuna. Ba za ka sayi ko noti ɗaya ba, ko da zan sayar da akwatin sifanun nan. Zai yi maka shekaru yana ciyar da gidanku." Ya kawar da kai. "Amma in ka ɗauke shi, kada ka sake tsayar da shi a ƙofar nan."

"Baba," Auta ta ce.

Ya ɗaga mata hannu. "Ba don ka yi laifi ba, yaro. Ni ne ba zan iya ba. Ba zan iya kullum kana durƙusa min kana ce min Baba, ka san abin da na yi, ni ma na san ka sani ba."

"Ni na yafe, Baba. Wallahi na yafe, ba wanda zai ji a bakina."

"Yafewar ce ba zan iya ɗauka kullum ba."

Dogo ya miƙe, makullin a tafin hannunsa, ya juyo ya dubi Auta. In ya ƙi, zai tura gawar babur ya koma gidan da babu firji babu sana'a, kuma sharaɗin Baba na farko yana nan bai motsa ba. In ya karɓa, yaran Yaya za su ci abinci. Ta ga duk wannan a idonsa, ta kuma ga cewa zai ƙi, saboda ita. Zai ƙi, ya je ya kalli yayarsa ya rasa abin faɗa, tunda ya yi alkawarin ba mai ji a bakinsa.

"Ki ce wani abu," ya ce.

Ta share hawayenta.

"Ba shi makullin."

Ya tsaya yana kallonta kamar bai ji da kyau ba. "Ke kika ce?"

"Ni na ce. Ba shi."

Bai miƙa wa Baba a hannu ba. A kan kujerar babur ɗin ya ajiye, a hankali, ya sa kai ya fita daga rumfar. Baba ya bi shi da murya, ya ce in an gama zai aika masa. Dogo bai juyo ba ya ce Yaya za ta turo a ɗauka.

Auta ta tsaya tana kallon bayansa har ya sha kwana. Baba ya tsuguna ya ɗauki sifana ya ɗora a kan noti, sifanar ta zame. Ya sake ɗorawa ta sake zamewa. Ba ta taimake shi ba, ta shige gida.

Umma na tsakar gida tana shanya, ta ga shigowarta a lokacin da ya kamata tana wurin aiki, ta ga fuskarta.

"Muryar yaron nan na ji a waje. Babanki ne ya kore shi?"

Auta ta jingina da bango, ta sulale ta zauna a ƙasa.

"A'a, Umma. Ni na sallame shi."